Ni Na Kai Kuɗin Cizo Gidanmu

Tunda saura mini 'yan watanni in bar makarantar nan, bari in faɗi abin da na shekara ina ɓoyewa. Kuɗin cizon da ya addabi gidanmu a Tudun Wada bara, ni na kai shi. Daga hostal na ɗauko shi, cikin katifata da jakar bakko, na hau mota da shi daga Kano, muka bi ta Kwanar Ɗangora, na sauke shi a ɗakin da nake kwana da ƙannena. Kuma wallahi na san akwai shi a ɗakinmu na makaranta. Duk mu shida mun sani. Kowa dai ta kama bakinta, in an tashi da safe ana susa sai wata ta ce "kai, sauron bana ba dama", mu kuma mu ce gaskiya ne.

Wannan shirun nake so mu yi magana a kai, don shi ya kusa jawo mana asarar rai.

Lokacin kaka ne, ana ta shigo da masara da shinkafa, ga kuma bikin yayata saura sati biyar. An riga an sayo kayan ɗakinta, katifa sabuwa dal cikin leda, da matasai da zannuwan gado, duk an jibge a uwar ɗakan Inna. Sati biyu da zuwana ƙanwata 'yar shekara huɗu ta fara tashi da ƙuraje a jere a hannu da wuya, uku uku, huɗu huɗu, sai ka ce an ja layi. Inna ta ɗaga zanin gado ta duba ɗinkin katifa, ta ga ɗigo-ɗigon baƙi kamar an yayyafa tawada. Ta juyo ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ke 'yar nan, kada wanda ya ji maganar nan a waje. Kina so dangin miji su ce daga gidan ƙazamai suka ɗauko amarya?"

Ba na ganin laifin Inna. Haka muka taso muka ji: gidan da ke da kuɗin cizo gidan ƙazanta ne. Amma maganar ba ta da tushe. Ƙwaron nan jini kawai yake sha. Ba ya cin shara, ba ya cin ragowar tuwo, bai damu da ko ana share ɗaki sau biyar a rana ba. Abin da ke jawo shi numfashin da mai barci ke fitarwa ne da ɗumin jikinsa. Ba shi da fiffike, ba ya tsalle, mu muke ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri a jaka da bargo da kayan gwanjo da tsohon gado. A shekarar 2023 hukumar Faransa mai kula da lafiyar abinci da muhalli, ANSES, ta fitar da rahoto cewa sama da gida 1 cikin 10 a ƙasar ya yi fama da shi tsakanin 2017 da 2022. A watan Oktoban shekarar har makarantu aka rufe saboda shi, mutane suka riƙa ɗaukar hotonsa a kujerun jirgin ƙasa da na silima a birnin Paris, ga gasar Olamfik ta 2024 tana tafe. To su ma ƙazamai ne? Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin rahoton shi ne, talauci ba shi ke kawo ƙwaron ba, amma shi ke sa ya daɗe a gida, don mai ƙaramin ƙarfi ba shi da abin da zai biya a raba shi da shi. Wannan kam mun gani da idonmu.

Tunda an ce kada a ji a waje, ba wanda aka tambaya shawara. Aka aiki yaro kasuwa ya sayo fiya-fiya a 'yar kwalba, irin wadda ba suna ba takarda a jiki. Da la'asar aka yayyafa a katifu da gefen bango, aka rufe ƙofa. Da dare sanyi ya sauko, kun san sanyin wajenmu da ya haɗa da Doguwa, ba a iya kwana a tsakar gida. Aka buɗe taga na ɗan lokaci, aka shimfiɗa zani a kan katifar da aka jiƙa da magani, muka kwanta.

Wajen ƙarfe biyu na dare ƙanwata ta tashi tana amai, yawu na dalala, hawaye na zuba ba kuka take ba, numfashinta na fita da ƙyar. A kan babur Yaya ya ɗauke ta da Inna zuwa asibiti. Allah ya sa da sauran kwana, kwana biyu aka sallamo su. Ma'aikacin da ya duba ta tambaya ɗaya ya fara yi: "Me kuka fesa a ɗaki?" Ashe abin ba baƙo ba ne a wurinsu.

Sinadarin da aka fi haɗa fiya-fiya da shi sunansa dikulobos, shi ne kuma ke cikin Sniper. Maganin gona ne. Yana shiga jiki ta numfashi, yana shiga ta fata, ya rikita jijiyoyi, shi ya sa ake ganin yawu da hawaye da amai da sarƙewar numfashi. Tun shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Amma ku faɗa mini gaskiya, a cikinmu wa zai nemi fiya-fiya yau ya rasa? Ɗakuna nawa ne a hostal ba su da kwalba ɗaya a ƙarƙashin gado, kusa da garin kwaki da suga?

Abin takaicin, bayan duk wannan wahala, kwana goma sai ga cizo ya dawo. A nan ne Yaya ya fusata. Ya ce shi ya san maganinsu, bom zai sa musu.

Wanda bai taso a yankin noma ba bari in yi masa bayani. Bom ƙwaya ce mai ruwan toka da manoma ke naɗewa a tsumma su cusa cikin buhun masara ko wake don kada ƙwari su ci. A Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji, lokacin ajiye hatsi, ba abu ne mai wuyar samu ba. Da zarar ta sha danshin iska sai ta fara fitar da wata iska mai guba da ake kira fosfin. Hikimar Yaya ita ce: abin da ke kashe ƙwaron masara a cikin buhu, me zai hana ya kashe kuɗin cizo a cikin ɗaki? A zuba ƙwaya biyar shida, a toshe ƙofa da tsumma, mu koma ɗakin Inna na kwana uku. Kuma gaskiyarsa ta wani ɓangaren, yana kashe su. Abin da bai lissafa ba shi ne ɗakinmu da na Inna bango ɗaya ne, silin ɗaya ne, ga ramin ɓera a ƙasa.

Allah ya kawo Kawu a ranar, ƙanin Baba, wanda ya yi shekaru yana aikin malamin gona. Ya ga gwangwanin a hannun Yaya ya tambaya. Da ya ji, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Kai, kana da hankali kuwa? Biki kuke shiri ko zaman makoki? Abin nan ba shi da makari. In ya shiga ƙirjin yaro, likita ma sai dai ya yi ta ƙoƙari yana addu'a." Ya ƙwace gwangwanin ya sa a aljihun babbar rigarsa.

Daga baya na bincika na ga Kawu bai yi ƙari ba. Iskar tana ratsa tsagar bango da ƙasan ƙofa ta shiga ɗakin maƙwabta, kuma ta ɗan fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka mai kwana a ƙasa, musamman yaro, ya fi shiga haɗari. A watan Fabrairun 2015, a garin Fort McMurray na ƙasar Kanada, yara biyu 'yan gida ɗaya sun rasu bayan an sa irin wannan ƙwaya a gidansu don kashe kuɗin cizo. A watan Disambar 2021 a birnin Landan wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu, ba ma a gidansu aka sa ba, maƙwabciyarsu ce ta sa a nata ɗakin, iskar ta bi ta cikin ginin ta same ta. Yanzu ku kwatanta da hostal ɗinmu, inda ɗaki ke manne da ɗaki, ga waɗanda ke shimfiɗa katifa a ƙasa saboda ƙarancin gado. In ɗaliba ɗaya daga gidan manoma ta dawo hutu da ƙwaya uku a jaka, da kyakkyawar niyya, don ta taimaki 'yan ɗakinsu fa? Ni na san wadda ta taɓa kawo shawarar. Dariya muka yi a lokacin.

Me ya sa feshi ba ya gamawa da su? Dalili biyu ne, kuma da mun san su da ba mu sa ƙanwata a haɗari ba. Na farko ƙwai. Macen tana saka ƙwai kaɗan kaɗan kusan kullum, farare ƙanana kamar ƙwayar gishiri, tana manna su can cikin tsagar katako da ɗinkin katifa da bayan hoton bango. A rayuwarta tana iya saka ɗaruruwa. Yawancin magungunan feshi ba sa kashe ƙwan. Cikin kwana 6 zuwa 10 sai su ƙyanƙyashe, a zafi irin namu kuma cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki 'ya'yan sun girma sun fara nasu ƙwan. Shi ya sa cizo ya dawo mana a kwana na goma cif, kamar an yi alkawari. Na biyu, ƙwaron ya saba da magani. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta fesa DDT har aka ɗauka an gama da shi a Turai da Amurka. Waɗanda suka tsira suka haifi masu jurewa. Magungunan sauro na gwangwani da muke saya yanzu, da wanda ake sa wa gidan sauro, yawancinsu wuri ɗaya suke kai wa hari a jikin ƙwaro da DDT, don haka a wurare da yawa kuɗin cizo ya riga ya gagare su. Sau da yawa abin da feshin ke yi kawai shi ne ya tarwatsa su, su bar ɗakinki su koma na maƙwabciya, bayan sati biyu su dawo.

Kada wani ya ce zai kulle ɗaki ya tafi hutu yunwa ta kashe su. Suna iya yin watanni ba su sha jini ba. Hutun ƙarshen zango wasa ne a wurinsu.

Abin da ba su iya sabawa da shi ba shi ne zafi. Zafin da ya kai maki 50 yana kashe su har da ƙwan, ruwan wanki mai maki 60 kuma ba ya barin ko ɗaya. Wannan ba sabon ilmi ba ne, kakanninmu da tafasasshen ruwa suke bin gadon kara da na katako. Mu ne muka ga kwalba ta fi sauƙi.

Kawu ne ya tsara mana aikin, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, aiki ne ja. Muka fitar da komai tsakar gida. Aka kwance gadon katako gaba ɗaya, aka bi kowace gaɓa da kowane ramin ƙusa da ruwan zafi a buta. Kayan sawa da zannuwa da labule da gidan sauro aka tsoma su a ruwan zafi, waɗanda ba sa son ruwan zafi aka bi su da dutsen guga na gawayi, ciki da waje, musamman wajen ɗinki. Duk abin da aka gama da shi sai a ƙulle a leda, kada ya koma ɗakin. Katifu muka yaye rigunansu muka tafasa, soson muka goge gefe-gefensa da burushi mai tauri. Tawa katifar da ta riga ta yage ta zama gari guda, Kawu ya sa aka yayyanka ta aka kai bayan gari aka ƙone, don kada wani ya tsinta ya kai gidansa. Yaya ya kwaɓa siminti ya toshe tsagogin bango da ramin ɓeran. Aka janye gado daga jikin bango, aka hana zanin gado taɓa ƙasa. Bayan kwana goma muka sake yi daga farko. Bayan wasu goman muka sake.

Shanya katifa a rana, wadda duk muka dogara da ita a makaranta, tana ragewa amma ba ta gamawa. Saman katifar ne ke ɗaukar zafi, ƙasanta da cikinta da sanyi, can suke gangarawa su jira yamma. Balle a hunturu da ranar ba ta da ƙarfi. Kananzir da fetur kuwa, don Allah a bari. Ɗakin da ake kunna risho da kyandir in an ɗauke wuta ba wurin jiƙa katifa da fetur ba ne.

Kayan amarya sun tsira, don ledarsu ba ta huje ba, kuma tun ranar farko Kawu ya sa aka kwashe su zuwa gidansa. Amma dole sai da Inna ta faɗa wa matar Kawu dalili, ita kuma ta ce ai su ma sun yi fama da shi shekara biyu da suka wuce, ɗansu ne ya kawo daga makarantar kwana. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ga ana tafasa ruwa a tukunyar biki, ta yi dariya ta ce ita ma haka. Ashe rabin layin kowa da nasa, kowa yana ɓoye wa kowa, kowa yana aiken yaro sayen fiya-fiya da magariba.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce ke kin samu tsakar gida da itace da tukunyar biki da Kawu. Ɗalibar da ke lissafin kuɗin handawut da na abinci ina za ta samu gawayin tafasa ruwa bokiti goma? Ga ruwan ma sai an bi layi. Fiya-fiya kuwa kuɗi kaɗan ne. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce dalilin da ya sa na kawo zancen mujallar ƙungiya maimakon in tsaya ba ƙawayena shawara a ɗaki. Ɗaliba ɗaya ba za ta iya ba. Ɗaki ɗaya ma ba zai iya ba, don in kun gyara naku na kusa da ku bai gyara ba, aikin banza kuka yi. Abu ne da sai bulok gaba ɗaya ya tashi rana ɗaya.

To a nan nake kira ga shugabanninmu na ƙungiyar ɗalibai, musamman mai kula da walwala. Lokacin kamfen mun sha alkawarin makon al'adu da gasar ƙwallo da liyafar yaye ɗalibai. Ban ce a fasa ba, ni ma ina son liyafar. Amma kowace shekara muna biyan kuɗin ƙungiya. A cire wani abu a ciki a sayi manyan tukwane da gawayi da duwatsun guga da siminti buhu biyu, a sa ranar Asabar ɗaya ga kowane bulok, a maimaita bayan kwana goma zuwa sati biyu. Muna da 'yan sashen gini da na kimiyyar ɗakin gwaji da ke neman abin da za su rubuta furojet a kai, ga aiki a bakin ƙofarsu. In kuma abin ya kai a yi feshi, ƙungiya ta zauna da hukumar makaranta a kawo masu aikin da ke da rajista, su faɗi sunan maganin da za su sa da awa nawa za a yi kafin a koma ɗaki, su kuma dawo zagaye na biyu. Feshin da ake yi sau ɗaya lokacin hutu, a bar gadaje a haɗe da tsagoginsu, ƙwai na nan lafiya lau suna jiran sabbin ɗalibai. Sannan a rubuta a manna a ƙofar kowane hostal, da Hausa da Turanci, cewa ba a shigo da bom, ba a fesa fiya-fiya a inda ake kwana. A rubuta alamomin gubar, a kuma ce duk wanda aka gan shi da su a fitar da shi iska, a cire masa kayan da maganin ya taɓa, a wuce asibiti da kwalbar a hannu. Ba manja, ba madara, ba jiran gari ya waye.

Sai mu 'yan ajin ƙarshe, don mu ma da namu laifin. Kowace shekara in an gama jarrabawa sai kasuwar katifa ta buɗe. Mai fita ta sayar wa mai shigowa, ko ta bar wa ƙanwar makaranta kyauta, ana godiya ana sa albarka. Ni ma haka na samu tawa a shekarar farko, a hannun wata baiwar Allah da ta rage mini kuɗi sosai, har ina murna na yi sa'a. Ban ɗaga ɗinkin na duba ba, ita ma ba ta ce komai ba. Yanzu ga shi layi ya zo kanmu. In kin san katifarki na da shi, ki faɗa. In ba za ki iya faɗa ba, kada ki sayar, kada ki bayar. Ke kuma mai saye, ki kunna fitilar wayarki ki bi ɗinkin kaf, ki ɗaga lakabin da ke gefe, ki duba baƙin ɗigo da ɓawon da suke saɓulewa da ƙananan fararen ƙwai. Kada ki dogara da cewa mai ita ba ta da ƙuraje, akwai mutanen da ake cizo fatarsu ba ta nuna komai. Maza ma ban cire ku ba, na ji labarin ɓangarenku, an ce wasu a aji suke kwana lokacin zafi.

Wani zai ce ai likitoci ba su tabbatar ƙwaron yana yaɗa wata cuta ba, me ye na tada jijiyar wuya? Haka ne, ba sauro ba ne, ba ya kawo maleriya. Amma wanda ya taɓa yin sati uku bai yi barcin kirki ba, ya shiga ɗakin jarrabawa ido jawur yana susar wuya, ya san abin ba ƙarami ba ne. Susa tana zama gyambo. Wasu kuma saboda sun ga ƙwaron a ɗinkin gidan sauro sai su yar da gidan sauron gaba ɗaya, su buɗe wa maleriya ƙofa.

Da na dawo makaranta bayan bikin, na tara 'yan ɗakinmu na ba su labarin daren da aka tafi da ƙanwata a kan babur. Aka yi tsit. Can sai wadda ta fi kowa cewa sauro ne ta sunkuya ta jawo kwalbarta daga ƙarƙashin gado ta ajiye a tsakiyar ɗaki. Muka yi karo-karo muka sayi gawayi, muka yi aikin sau biyu. Mun samu sauƙi na kusan wata biyu. Yanzu sun fara dawowa ta ramin wayar wuta da ya haɗa mu da ɗakin da ke kusa, waɗanda har yau suke cewa su ba su da shi. Jiya na ga ɗaya daga cikinsu a layin famfo, da ƙuraje uku a jere a damtsenta.